Ruwan da Yaya Asabe Ta Surka

A gidanmu na Kucheri ba a hura wuta don tatsuniya. Itace ya fi ƙarfin wannan almubazzaranci. Wutar da ta dafa tuwo ita ake lallaɓawa, a tura mata karan dawa biyu ko uku, ta kai mu daga magariba zuwa kiran isha'i. Wannan ɗan tsakanin shi ne makarantar Inna Hajo, kakarmu ta wajen uba. Na yi shekaru ina koyarwa a Gusau, ban taɓa samun aji mai natsuwa irin nata ba, alhali ba ta da allo, ba ta da bulala, haƙoranta ma ba su cika goma ba.

Takan zauna a kan turmin da aka kwantar, tana ɓarar gyaɗa. Sai ta ce, "Ku matso, baƙuwa ta taho." Mu ce, "A ba ta tabarma." In wani ya yi motsi ta ce, "Kai, miji na banza, zamna! Mi ka cizonka?" Duk jikokinta maza mazajenta ne, kuma babu wanda ta taɓa yaba wa.

Cikin tatsuniyoyinta, wadda muka fi roƙo ita ce ta Sanyi. Sanyi, in ji Inna, wani dogon tsoho ne marar gida, yana yawo gari gari yana neman wurin kwana. Ba ya iya shiga jikin kowa sai na mai jego, don haihuwa takan bar ƙofofin jiki a buɗe har kwana arba'in. Wata rana mata biyu maƙwabta suka haihu. Ta farko ta riƙe wankanta safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, ta kwanta a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, ta sha kunun kanwa har ta gaji. Sanyi ya leƙo, tururi ya ƙone masa gemu, ya ruga yana tsalle. Nan Inna takan kama haɓarta ta yi ƙara, mu yi ta birgima don dariya.

Ta biyun kuwa raguwa ce. In an kai mata ruwa bayan ɗaki, sai ta faki ido ta surka da na randa. Sanyi ya taɓa ya ji dama-dama, ya shiga ta tafin ƙafa. Ƙafa ta kumbura, ya hau ciki, ciki ya kumbura, ya hau ƙirji ya miƙe ƙafafunsa. Mai jego ta koma haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, tana tari. Da tsohuwar gidan ta gane, sai ta ninka wuta, ta ninka kanwa, har Sanyi ya rasa wurin tsayawa ya fice ta hanci da atishawa. "Kun ji," Inna takan ce, tana kaɗe ɓawon gyaɗa daga zanenta, "wadda duk ta ji tsoron zahi, ita ta kira Sanyi."

Ina da shekara goma sha ɗaya yayata Asabe ta zo wankan gida daga Furfuri, inda take aure. Haihuwarta ta fari ke nan. Inna ce ta karɓi jegon, kuma ba a taɓa yi wa 'yar kowa jego irin wannan ba. Ta sayar da tunkiyarta ta sayi itace.

A mako na uku ƙafafun Yaya suka kumbura. Inna ta danna da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba.

"Asabe, hwaɗa min gaskiya. Kina surkawa?"

"Wallahi Inna ba na yi."

"Ta yi," na ce. "Na gan ta shekaranjiya. Ƙwarya ɗaya."

Ba don mugunta na faɗa ba. Ni ɗaliba ce mai ƙwazo; an koya mini darasi, na ga inda ya dace, na ɗaga hannu. Yaya ta dube ni, ba ta zage ni ba. Cewa kawai ta yi, "Numfashina ne ke ɗaukewa in na shiga tururin."

Daga ranar Inna da kanta take tsayawa a kan wankan. Ta ninka wuta, ta ninka kanwa, tana yi tana addu'a. Muka zauna jiran atishawa. Ranar da mahaifinmu ya tafi neman motar da za ta kai Yaya asibitin Tsafe, bai dawo ya same ta da rai ba. Saura kwana shida ta yi arba'in.

Inna ba ta sake ba da tatsuniyar Sanyi ba, mu ma ba mu sake roƙo ba. Ni kuwa na girma da hukuncina a hannu: Yaya ta ji tsoron zafi, ta buɗe ƙofa da ƙwarya ɗaya. Ina son ta, ina kuma jin haushinta, na yi shekara talatin a haka.

Bayan na zama malamar Hausa, na soma rubuta wasan kwaikwayo ga wani gidan rediyo a Gusau. Da aka nemi wasa a kan jego, ban sha wahala ba, na ɗauko Sanyi da gemunsa na zuba a takarda. A lokacin an fito da sabon tsari: duk wasan da ya taɓa lafiya, sai ma'aikacin lafiya ya zauna da marubuci sun duba tare. Mu marubuta muka karɓi tsarin yadda malami ke karɓar sufeto, da fara'a a fuska kawai.

Wadda aka haɗa ni da ita likitar mata ce, Dakta Halima. Na shirya mata faɗa, sai ta ɓata mini shiri, ta yi dariya a daidai wurin gemu. Da ta kai shafi na huɗu ta ajiye fensir.

"Malama, wa ya ba ki wannan labarin?"

"Marigayiya kakata."

"Allah Ya jiƙanta, ta iya lura. Kumburin ƙafa, haki, tari, kasa kwanciya. Ɗalibaina ma ba sa jero su haka."

"To, alhamdu lillahi, Inna ta ci jarrabawa."

"Idonta ya ci. Maganin ne ba zan so a watsa ba."

Ta yi mini bayani a hankali. Akwai ciwon da kan raunana zuciyar mace bayan haihuwa. Ba ta ce wanka kaɗai ke kawo shi ba. Amma kanwa dangin gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi mai tsanani kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Mai jegon da ta kumbura tana haki, asibiti take buƙata a ranar, kuma da yawa suna samun sauƙi in an zo da wuri.

"Dakta, wasa ne fa," na ce. "Ba wanda ke kai majinyaci wajen rediyo."

"Kin tabbata? Matan da ke zuwa wajena ba su san sunana ba, amma sun san sunan kowace 'yar wasanku. In tsohuwar cikin wasan nan ta ce a ƙara wuta, gobe wata za ta ƙara."

Na shiga gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Can na ce, "In mai jegon ta surka ruwan fa? Sau ɗaya. Ƙwarya ɗaya."

"Da ma ta surka kullum," in ji ta, tana neman shafi na biyar. "Jikinta ne ke gaya mata gaskiya."

Ba ta san wa nake tambaya a kai ba, ban kuma gaya mata ba. Na nemi izini na fita, na tsaya a bayan ginin kusa da injin wuta, inda ƙara ba za ta bari a ji ni ba.

Kwana tara na yi ina sake rubutun. Na bar Sanyi da gemunsa, don ba zan hana mutane dariyarsu ba. Amma a sabon wasan, da tsohuwa ta danna ƙafar mai jego ta ga ta lotsa, sai ta janye itace daga ƙarƙashin gado. Ranar ɗaukar murya, matar da ke fitowa a tsohuwar, 'yar Bungudu ce mai bakin tsiya, ta ce, "Malama, ai da kin mai da ta muguwa, ya fi daɗin yi." Na ce mata a'a, wannan tsohuwar ba muguwa ba ce, kada ma ta sa mata muryar mugunta.

Na daɗe ina tunanin abin da Inna ta koya mana. Ba ƙarya ta yi ba. Abin da ta gani da idonta ta faɗa, da dalilin da ta gada, ta kuma faɗe shi da daɗin da ya sa bai fita kanmu ba. Da ba ta iya ba da labari ba, wataƙila da na manta darasin kafin ranar da aka tambayi Yaya. Abin da ta rasa shi ne wanda zai zauna kusa da turminta ya ce, Inna, wannan wurin ba haka yake ba. Ni an ba ni, kuma da ƙyar na saurara.

An watsa wasan wata Laraba da la'asar. Ina ɗakina a Tudun Wada ina duba littattafan yara na ji tsohuwar ta ce, "Ku bar wutar nan haka. Ku nemo mota yanzu, ba gobe ba." Ban san mata nawa suka ji ba, ban san ko wata ta tashi ta nemi motar ba. Na dai ajiye jan biro, na yi alwala, na roƙi Allah Ya kai wa Yaya Asabe neman gafarata.