Katakon da gara ta ƙi

Shekarar da gwiwoyin mahaifina suka fara hana shi zama a tabarma, na sayo katako a kasuwar Filinge don a yi masa dandamali ƙarƙashin rumfa. Ja ne, marar nauyi, yana ƙamshi. Mai sayarwa ya ce daga ƙasar waje ya zo, kuma gara ba ta cin sa.

Kafinta ya haɗa ya tafi, ya bar mini aikin shafe. Ina cikin goge katakon da takarda mai kaushi, baba ya fito, ya ɗebi garin ya shinshina.

"Iccen ga, mi as sunanai?"

Na ce ban riƙe ba.

"Ba gawo ba ne, ba aduwa ba. Wa ya sa mai turare?"

"Haka Allah ya yi shi, baba. Ko gara ba ta taɓa shi."

"Abin da gara ta ƙi, shi za ka ɗora ni bisa?"

Ya ɗauki guntun da kafinta ya yar, ya kai bayan rumbu inda gara ta cinye mana darni, ya turbuɗe shi. Ni kuwa na shafa ruwan kala, na bari ya sha iska, na bi da berni, man nan mai sa katako ƙyalli. Wannan ma bai yi masa ba. A ganinsa abu mai gaskiya ba ya bukatar a rufe masa fuska.

Ana haka ƙanensa ya zo daga Tabla. Ya zagaya dandamalin, ya ce ya taɓa jin cewa da irin iccen nan mai ƙamshi Nasara ke yin akwatin gawa. Na yi dariya, amma da suka shiga zaure na durƙusa na duba. Akwai tsofaffin ramukan ƙusa a jere, waɗanda kalar ta fito da su baƙi. Na auna tsawon katakon da jikina. Ya fi ni da kaɗan.

Ran kasuwa na koma wurin mai katako. Ya rantse akwatin injin ban ruwa ne, sai dai yana maganar yana kallon wani wuri. Ko dama haka idonsa yake, ban sani ba.

Bayan damina baba ya tono guntunsa. Ko ƙwarzane babu. Ya miƙo mini.

Baƙi sun zauna a dandamalin nan, yara sun yi barci a kai, inna ta shanya kuɓewa. Baba dai butarsa da rediyonsa kawai yake ɗorawa. Daga baya na sa aka sassaƙo masa kujera da iccen aduwa, wanda baba ya san gonar da aka saro shi. Ita ko mai ban shafa mata ba.