Rabin Darasin Da Na Faɗa A Tsakar Gida

Edita, bayan sallama gare ka da masu karatu, ina roƙon fili in ba da wani labari da na daɗe ina ɗauke da shi. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa.

A lokacin da abin ya faru ni ɗalibi ne a jami'a, ina karatun haɗa magunguna, kuma ni ne ɗan fari a gidanmu da ke Argungu. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Tun da aka yaye ni aka kai ni wurin kakata a unguwar Nasarawa da ke Birnin Kebbi, a can na girma. Saboda kunyar ɗan fari, mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan ya zama dole ta yi zancena, sai ta ce wanga yaro. Idan na je hutu na durƙusa na gaishe ta, takan amsa a taƙaice tana kallon wani gefe, sannan ta shige madafa. Amma kowace yamma sai ƙanwata ta kawo mini kwano a rufe, tuwon shinkafa da tsakiyar kifi mafi tsoka, kuma ba a taɓa faɗa mini wanda ya zaɓe shi ba.

Cikin darussanmu akwai guda biyu da suka kama zuciyata. Ɗaya yana koyar da magungunan da ake samu daga tsirrai, ganye da saiwa da sassaƙe, yadda ake busar da su a tatso ruwansu a gwada. Ɗayan kuma yana koyar da abin da magani ke yi a jiki, gwargwadon da ake sha, da abin da ke faruwa idan magani biyu masu aiki iri ɗaya suka haɗu a jini. Na farkon ya fi daɗin hira. Ranar da malaminmu ya ɗaga garahuni a gaban aji, wannan ganye mai ɗaci da ke yaɗo a dangar gidanmu ba tare da kowa ya shuka shi ba, ya ce yana rage sukari a jini, ji na yi kamar gidanmu aka karrama. Ya kuma yi gargaɗi a fili cewa wannan ba izini ba ne mai ciwo ya haɗa shi da ƙwayoyin asibiti. Na ji, na kuma rubuta. Ba zan yi wa kaina ƙaryar cewa ban sani ba.

Da na zo hutu, wata rana bayan la'asar, na zauna a tsakar gida ƙannena suka kewaye ni. Na tsinko garahuni ina yi musu bayani kamar malami. Mai bi mini ya shiga yi mini ba'a, wai ashe duk shekarun nan ciyawar danga ake koya mini a birni, da an bar ni gida da awaki sun koya mini kyauta. Ba'ar ta sa na ƙara ɗaga murya ina kare karatuna, ina jaddada cewa ganyen nan maganin ciwon sukari ne, a aji aka koya mana. Aka yi dariya, aka kira sallah, muka watse. Gargaɗin bai fito daga bakina ba. Sai daga baya na tuna cewa ƙarar turmi da ke fitowa daga bayan zanan madafa ta tsaya tun da na fara magana. Mai dakan kuwa mahaifiyata ce, wadda ke da ciwon sukari, tana shan ƙwayoyin asibiti safe da yamma.

Watanni bayan na koma makaranta aka kira ni a waya. Ranar Alhamis ce, mahaifiyata tana azumin nafila kamar yadda ta saba, tana turara shinkafa, sai gumi ya karyo mata, jikinta ya ɗauki rawa, ta fara maganar da ba ta da kai. Wasu suka ce iska ce, aka shiga hayaƙi da tofi. Wata maƙwabciya ta ce a ba ta ruwan sukari, sai aka yi mata ca, wai yaya za a ba mai ciwon sukari sukari, ko so take ta ƙarasa ta. Har yau idan na tuna wannan raina yakan ɓaci, domin sukarin jininta faɗuwa ya yi, ba hawa ba, kuma a gidan da ya haifi ɗalibin magani babu wanda aka taɓa sanar da haka. Sai da ta suma aka ɗauke ta zuwa asibiti, daga can aka tura ta Birnin Kebbi.

Na same ta an ɗaura mata ruwa, idonta a buɗe amma hankalinta bai dawo ba. Ina matsawa kusa da gado ta dube ni kai tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba, ta kira sunana sarai, ta tambaye ni ko na ci abinci. Matan da ke ɗakin suka sunkuyar da kai suna taya ta jin kunya.

A bakin ƙofa ƙanwarta, wadda muke kira Inna, ta ja ni gefe. Ta shaida mini cewa tun hutun nan 'yar'uwarta ke dafa garahuni kullum, ta sha kofi cike a kan ƙwayoyinta, ranar azumi ma ta sha da sahur. Da Inna ta tambaye ta wa ya ba ta wannan magani, sai ta ce wanga yaro ne ya faɗa, shi kuwa ya karanta. Inna ta ce mata to ta kira ni ta tambayi yadda ake sha, sai ta amsa cewa ita ba za ta tsaya gaban ɗan fari tana tambaya ba, abin da kunnenta ya ji ya ishe ta. A nan na gane cewa duk tsawon rayuwata ta bayan zana take saurarona, kuma duk abin da na faɗa riƙe shi take yi.

Ta farfaɗo, amma sumar ta daɗe har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Harshenta ya yi nauyi, ba ta sake komawa turmi ba, kuma bayan girbin shinkafa na gaba Allah ya karɓi abinsa. Na yi imani kwananta ne ya ƙare, amma na san ta bakin da sanadin ya biyo.

Yau ina aiki a ɗakin bayar da magani na wani asibiti. Ba na miƙa wa kowa ƙwaya sai na tambaye shi abin da yake dafawa ko jiƙawa a gida, na rubuta a katinsa, ko da masu layi za su yi ƙorafi. Ina jin takaici idan na ji masu tallar magani da lasifika a kasuwa suna lissafa amfani ba su faɗi haɗari ba, sai in tuna ni ma na yi haka, a tsakar gidanmu. Ɗalibai 'yan'uwana, idan za ku faɗi amfanin ganye ku faɗi haɗarinsa a zama ɗaya, ko ku yi shiru, domin ba ku san wanda ke saurare ba. Iyaye kuma, kunya ado ce a wurinmu, amma kada ta hana ku tambayar 'ya'yanku abin da ya shafi ranku.

Garahunin yana nan a dangarmu. Mai bi mini ya so ya tumɓuke shi na hana, domin ba laifinsa ba ne. Sau ɗaya na ji sunana a bakin mahaifiyata, kuma babu ranar da ba ya dawo mini a kunne. Amma da za a ba ni zaɓi, da na mayar da wannan kira, a bar mini ita a bayan zana tana dakanta, tana aiko mini da kwano a rufe.