Shirun da Ya Cinye Muryoyin Tsofaffinmu

Gaisuwa ga ma'aikatan wannan mujalla da masu karatu, ina kuma roƙon a sakaya sunana. A lokacin da abin nan ya faru, ni ne mai kula da na'urori a wani ƙaramin gidan rediyo na al'umma a Magarya. Ban yi dogon karatun lakwal ba, hannu ne ya koya mini aiki. In makirfo ta yi gardama ni ake kira, in injin wuta ya ƙi tashi ni ake kira, kuma gaskiya kiran yana mini daɗi. Abin da na fi taƙama da shi kuwa shi ne muryoyin da na tara. Shekara da shekaru ina hawa moto, wato babur, ina shiga ƙauyukan Yekuwa da Dogo-Dogo da Sassumbrum ina ɗaukar maganar tsofaffi: waƙoƙin daka da na niƙa, kirarin mahaƙa rijiya, da labarin shekarun yunwa daga bakin waɗanda suka gani da idonsu. Yawancinsu ƙasa ta rufe musu ido. Kaset ɗin da na fara da su zafi da gara sun gama da su, amma kafin nan na juye kome a kwamfuta.

Ana nan sai wani furoje na masu ba da tallafi ya ba mu kyautar akwatin ajiyar bayanan kwamfuta, aka kuma ce a tura mutum ɗaya Yamai ya koyo yadda ake kula da shi. Ni ko tantama ban yi ba, har sabon yadi na kai wa tela. Sai darakta ya ɗauko wata yarinya da ta gama karatun kwamfuta a Damagaram, ya ce ita za ta je. Ranar ban iya cin tuwo ba. Da ta dawo, ita ta kwashe muryoyina duka ta zuba a akwatin, tsohuwar kwamfutar aka goge ta aka ba masu labarai. Kafin ka ce kwabo kowa ya koma zancenta, injiniya kaza, injiniya kaza. Yarinyar ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba. Har ƙasa take rusunawa ta gaishe ni, Baba take ce mini, kuma wannan Baban shi ya fi kome ƙona mini rai, don ji nake kamar cewa take lokacina ya wuce. In ta yi mini bayani sai in ga raini ne, in ta yi shiru sai in ce girman kai ne. Haka hassada take, ba abin da mutum zai yi ya burge ka.

Akwatin nan faifai huɗu ne a cikinsa, irin wanda muke ce wa dis-dur. Abin da aka zuba ana rarraba shi ne a kansu, ta yadda in ɗaya ya mutu, sauran ukun za su iya sake gina abin da ke kansa a sabon faifai. Wata safiya ya fara kuka, jar fitila ta kama. Yarinyar ta tara mu ta ce faifai ɗaya ya mutu, ba abin da ya ɓata tukuna, amma yanzu kamar gado muke mai ƙafa uku, in wata ta sake karyewa sai ƙasa. Ta ce in an sa sabon faifai, ginin zai ɗauki wuni guda ko fiye, kuma a lokacin ne tsofaffin faifan suka fi shan wahala, don haka ba a so wuta ta ɗauke ko kaɗan. Ta roƙi a samo wani wurin da za a fara juye kome, darakta ya ce babu hali a bana. Ina gefe ina kallon yadda yake gyaɗa mata kai kamar mai sauraron wa'azi, zuciyata na tafasa.

To, muna da wata al'ada a gidan da ba a rubuta ta ko'ina ba. Tun wata shekara da wayar lantarki ta kama da wuta ba kowa a ciki, duk ranar Juma'a in za a tafi masallaci, tsohon mai gadinmu yakan sauke babban makunnin gidan gaba ɗaya, sai an sauko ya mayar. Kowa ya saba har an daina maganarsa. Ita kuwa ba ta sani ba, don ranar Juma'a ba ta zuwa, tana koyar da yara kwamfuta a wata makaranta. Sabon faifan ya iso daga Damagaram ranar Alhamis da yamma, ita kuma don tsoron kada wani ya sake mutuwa, ta nemi izini a makaranta ta zo da sassafe ranar Juma'a.

Ina tsaye a kanta ta zare mataccen, ta zura sabon, ta danna abin da za ta danna, ginin ya fara tafiya a hankali a kan allo. Sai ta juyo ta ce da ni, tunda na fi ta sanin gidan, ko akwai abin da zai iya yanke wuta a ɗakin nan yau. Wallahi makunnin nan ne ya fara faɗo mini a rai. Na san ɗan batirin da ke riƙe akwatin in wuta ta ɗauke ba ya wuce shan shayi ɗaya. Na dube ta na ce ta yi aikinta, ba abin da na sani. A raina cewa nake wutar za ta ɗauke, aikin ya tsaya, ta sake daga farko, darakta ya ga injiniyar tasa ma takan yi tuntuɓe. Iyakar abin da na so ke nan, in ga fuskarta ta faɗi sau ɗaya. Ta yi mini godiya ta tafi gida da hantsi, ta ce za ta dawo bayan la'asar.

Na wuce mai gadi a bakin ƙofa yana alwala, kalma ɗaya ta isa, ban faɗa ba. A masallaci ban san abin da liman ya karanta ba. Da muka dawo aka mayar da wuta, akwatin ya tashi, amma ɗaya daga cikin tsofaffin faifan ya ƙi juyawa, sai wani ƙas-ƙas yake yi. Jar fitila ta zama biyu. Da ta zo ta gani, ta zauna a ƙasa ta dafe kai. Ta yi duk dabarar da ta sani, aka aika faifan har Yamai, aka dawo da su aka ce sai haƙuri. A lokacin ne na gane ramin da na haƙa nawa ne, don duk abin da ke cikin akwatin nan gumina ne da amanar mutanen da suka buɗe mini bakinsu.

Darakta ya yi mata faɗa a gaban kowa, ya ce wane mai hankali ne zai fara irin wannan aiki ranar Juma'a. Ba ta ambaci tambayar da ta yi mini ba, ta ɗauka mantuwa na yi irin ta sabo. Ba a jima ba ta ajiye aikin. Ranar da za ta tafi ta same ni a ɗakin na'urori, ta durƙusa tana hawaye, ta ce ta san aikin rayuwata ne ya salwanta a hannunta, in dubi Allah in yafe mata. Ni kuma na buɗe bakin nan nawa na ce na yafe.

Yanzu ni kaɗai ake kira in abu ya lalace, kamar yadda na so, kuma ban taɓa jin daɗinsa ba ko na rana ɗaya. Kwanakin baya wani magidanci ya taso tun daga wani ƙauye na Yekuwa, ya ce zai aurar da ɗiyarsa, yana so a sa mata waƙar niƙa da marigayiya mahaifiyarsa ta rera mini, ta ji muryar kakarta. Na ce masa na'ura ce ta lalace. Ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya ma ba ni haƙuri.

Ga masu irin aikinmu, kada ku yarda ku ajiye abu mai daraja a wuri ɗaya, kome yawan faifansa, kuma kafin ku fara gini ku tambayi kowa har mai gadi. Ga masu irin zuciyata kuwa, ku sani mai hassada ba shi ke yanka wa ɓarna iyaka ba. Ni kunya kaɗan na so ta ji. In wanda ya fi ka ya ƙasƙantar da kai ya tambaye ka abin da ka sani, ka faɗa masa tun yana gabanka. Ni ban faɗa ba, ga shi har yau tana can tana ɗauke da laifina, tana kuma ganin ni mutumin kirki ne.