Kantocin da Ɗanliti Ya Turara

Ɗanliti kafinta ne a ƙauyenmu, gabas da Ɗanbatta. Rumfarsa tana bakin hanyar kasuwa, bayanta gonar gyaɗa. Tun da na san shi idanunsa jajaye ne, kullum suna ruwa. Mukan tsokane shi da mai kuka ba mutuwa, ya yi dariya ya share da hannun riga.

Aikinsa gado da kabad na amare. Da falankin kanti yake yinsu, irin wanda ake matse garin katako da gam, mai wani wari da ke yaji a ido. A wajenmu warin nan shi ne shaidar sabon kaya. Uwar amarya takan buɗe kabad ta shaƙa, in bai hau mata kai ba ta ce tsoho aka shafa wa fenti.

Da wata ƙungiya ta zo gina mana ƙaramin asibiti, sai aka ba shi aikin kantoci da bencin jira. Ban taɓa ganinsa da ɗoki haka ba.

"Malam," ya ce mini, "duk abin da na ƙera ya bi amare garin wasu. Wannan kam a gida zai zauna."

Injiniyar ginin, Zakiyya, ta gaya masa tun farko cewa za a nema wa ginin shaidar da ke nuna iskar cikinsa ba ta cutarwa, don haka katako mai wannan yajin ba zai shiga ba. Akwai katako mai tambarin shaida a Kano, shi ake so. Ɗanliti ya ce to. Amma a ganinsa maganar wari ce kawai, wari kuwa kowace mace a garin nan ta san maganinsa.

Ya yi kantocin da falankin da ya saba. Matarsa Barira ta hura kasko, ta zuba turaren wutan da take ɓoyo, suka rufe kayan a ɗaki suka turara su sosai.

Ranar da Zakiyya ta zo dubawa, tun daga ƙofa ta tsaya.

"Baba, kantocin nan aure za su yi?"

"Hajiya, ai ke kika ce wari."

"Ba hancina nake ji ba, Baba. Jarirai za a kwantar a ɗakin nan. Turare zai tafi, yajin gam ɗin kuwa yana nan yana fita."

Ta dubi jajayen idanunsa.

Lokacin buɗe asibitin ya matso, ba damar sakewa. Aka kawo kantoci da benci daga Kano a bayan mota. Nasa kantocin wani mai shago a kasuwa ya ɗauke, har yanzu yana yabon ƙamshinsu.

Bana tari ya matsa masa, nakan raka shi asibitin. Yakan zauna a bencin jira, ya zura hannu ƙasa yana laluben inda aka haɗa, ya ce, "Ba laifi." Rannan layi ya yi tsawo, muka daɗe. Can ya juyo.

"Malam, ka san a nan idona ba ya ruwa?"

Na ce masa na lura.

Da aka ba shi magani ya tashi a hankali. An fara cire gyaɗa, bukukuwa sun matso, gadaje suna jiransa a rumfa.