Ƙarfen da Hambali Ya Ƙi Ɓoyewa

Yayana Hambali mahauci ne ɗan mahauci, kuma a taurin kai ban ga na biyunsa ba, har da ni da ake yi wa gorin hakan a gidan miji. A kasuwar garinmu, can tsakanin Gwarzo da Kabo, akwai layin mahauta. A ƙarshen layin akwai wata tukuba, tudun tokar nan da ake kafa tsinken tsire a kewayensa, wadda kakanmu ya tara, babanmu ya gada, Hambali ya ɗora. Tun yana saurayi yake tsaye a kanta: tsire da hantsi, balangu da yamma, in biki ya kama kuma gashin rago sukutum. Mutanen Gude da na Kutama in suka zo cin kasuwa, wajensa suke fara tsayawa kafin su taɓa kuɗin cefane.

Hayaƙi ne ya ci shi. Da farko tari ne kawai, muna ta cewa mura ce. Daga baya numfashinsa ya koma fita da ƙara kamar ana busa usur, har matarsa Kamila ta ce daga soro take gane ya dawo. Wata ranar kasuwa, rana tsaka, ya zube a gefen tukubar da wuƙa a hannu. Likitan da ya duba shi bai yi wani kwana-kwana ba. Ya ce huhun ya gaji, ko Hambali ya bar hayaƙi ko hayaƙi ya ƙarasa shi. Ya rubuta masa maganin shaƙa, ya sallame mu.

Dangi suka taru a kansa, kowa da shawararsa. Wani ya ce ya koma sayar da ɗanye, wani ya ce a buɗe masa tireda, wata gwaggonmu ta ce ai dama ya isa hutu. Yana zaune a tabarma yana ta fama da numfashi, sai da kowa ya gama, sannan ya ce, “Na ji. Allah ya saka. Amma gashi zan yi.”

“Yaya, so kake ka mutu?” in ji ni.

“A'a. Gashi nake so in yi, kuma in rayu. Duka biyun.”

Na so in shaƙe shi don haushi, sai na tuna aikin da hayaƙi ya riga ya fara ke nan.

Dabarar da ya fara yi ita ce ta duro. Ya sa mai walda ya tsaga masa babban duro, aka yi masa murfi da raga a ciki, aka kafa dogon bututu da ke kai hayaƙi sama. Ya girke shi a gefen tukubar, shi kuma ya koma gindin wata darbejiya ta inda iska ke tasowa. Hayaƙi ya rabu da shi, sai dai nama ma ya rabu da shi. Mutumin da ya saba gane gashi da ido da ɗan yatsa, yanzu an rufe masa komai da murfi. In ya je ya buɗe don ya duba, hayaƙin da ya taru sai ya bugi fuskarsa gaba ɗaya, ya dawo yana haki. In bai je ba, cinya ta ƙone ta waje, ciki da jini. Ranar da na ga ya zuba wa karnuka rabin rago, na san abin ya kai masa ko'ina.

Ni sana'ata sayar da atamfa ta waya, don haka kullum idona na kan hotunan kaya. A nan na ci karo da bidiyon wani ƙato yana gashi a bayan gidansa. Ya soka wa nama wani ƙarfe mai kama da basilla, ya rufe murfi, ya tafi ya yi zamansa, wayarsa tana nuna masa zafin cikin naman. Na kai wa Hambali. Ya kalla, ya sake kalla, ya ce, “Gashinsa dai bai iya ba. Amma ƙarfen nan, a ina ake samunsa?”

Muka shiga mota sai Kano, wani shago da ke sayar wa otal-otal kayan girki. Mai shagon ya baje mana ma'aunin zafi iri-iri. Akwai wanda za ka soka ka karanta a hannu, Hambali ya ture shi gefe, ya ce in dai sai ya tsaya a kan wuta to me ya yi. Akwai mai igiya, ya ja igiyar ya ga iyakarta, ya ce wannan ko akuya ba za a ɗaure da ita ba, ga shi wuta za ta lashe ta. Saura marasa igiya, masu magana da waya ta iska.

A nan ya fitar da halinsa. Ya ce shi ba ya sayen abu da rubutun jikin kwali. Ya sa aka kawo ruwan zafi a kofi, aka tsoma ƙarfen farko, ya karɓi wayata ya fita. Bai wuce bakin ƙofa ba lambar ta ɗauke. Ya dawo ya ajiye. Na biyun yana da wani ɗan akwati da ake ajiyewa kusa da wuta, shi ke karɓar saƙo daga ƙarfen ya tura nesa. Hambali ya fita da waya, ya tsallaka titi, ya wuce mai lemo, ya shige bayan wata babbar mota, muna hango hularsa kawai. Mai shago ya dube ni ya ce, “Hajiya, anya zai dawo?” Na ce wayata ce a hannunsa, in bai dawo ba ni ya cuta.

Da ya dawo sai tambayoyi. Cajinsa zai kai yini guda, tunda mu wutar lantarki sai an ga dama? In harshen wuta ya taɓa kansa fa? Ana wanke shi da ruwa da sabulu? Zai shiga ƙirjin kaza bai farke ta ba? Yana faɗin zafin duron ma, ko na naman kaɗai? Mai shagon ya gaji har ya fara amsawa da ka. A ƙarshe Hambali ya ɗauki mai ƙarfe biyu, ɗaya na cinya ɗaya na ƙirji, ya haɗa da waya ƙwaya ɗaya mai babban gilashi, shi da bai taɓa riƙe wadda ta wuce mai madannai ba.

Gwajin farko abin dariya ne. Wayar tana da hotunan nama iri-iri, kowanne da zafin da masu ƙera ƙarfen suka saita masa, ya danna na rago, ya koma gindin darbejiya ya harɗe. Can sai ta hau ƙara wai nama ya yi. Ya je ya yanka, ja wur. “Waɗannan mutanen ɗanye suke ci,” in ji shi. Daga ranar ya daina bin hotunansu. Ya riƙa gasawa yana latsawa da yatsa yana duba lamba, har ya gano inda naman ke sakin ƙashi yadda mutanenmu ke so, ya sa na saita masa ƙarar a daidai nan. In ta yi ƙara, sai ya ɗaura jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci, ya buɗe murfi sau ɗaya, ya kwashe, ya bar wajen. Naman ya dawo yadda aka san shi, har ya fi laushi. Kumatunsa suka ciko. Kamila ta ce yanzu sai ya yi sallama take sanin ya shigo.

Sai bakin mutane ya buɗe. Wani ya leƙa ya ga ƙarfe tsaye a cinyar rago, ya ga Hambali can nesa yana kallon waya, shi ke nan. Kafin kasuwa ta sake zagayowa an ce asiri ne na jan ciniki. Wasu suka ce hoton masu saye yake ɗauka. Wadda ta fi tafiya ita ce wai akwai batir a ciki, ruwansa na tsiyaya cikin nama, duk namijin da ya ci zai rasa ƙarfinsa a gida. To, ku faɗa wa mazan garinmu komai, amma ban da wannan. Ƙarti masu gemu suka riƙa ratse layin mahauta kamar an ce da annoba. Abin takaicin, ba Hambali kaɗai aka guda ba, har maƙwabtansa da ba su san hawa ba balle sauka.

Babban mahautan kasuwar, Baba Mijinyawa, abokin babanmu ne, shi ya yanka ragon sunan Hambali. Ba mugun mutum ba ne, kuma ina faɗin haka ne duk da har yau ina jin haushinsa. Ya zo da kansa bayan azahar, mahauta na biye da shi. Ina wajen, na kawo wa wata mata kaya. Aka gaisa, aka tambayi iyali da jiki, sannan ya ce, “Hambali, ka ga yadda layi ya zama. Mutane na da iyali. Cire ƙarfen nan, ka yi gashi irin na ubanka.”

Hambali ya durƙusa, ya cire hula. “Baba, gashi irin na ubana shi ya kwantar da ubana. Kai ka yi masa wanka, ka san da tarin da ya tafi.”

Baba Mijinyawa ya kawar da kai, ya ce, “Na sani. Amma ba zan bar layi guda ya mutu saboda mutum ɗaya ba. Ko ƙarfe, ko tukuba.”

Hambali ya miƙe, ya zaro ƙarfen daga nama, ya goge, ya tsoma shi a kofin shayinsa ya juya, ya shanye a gabansu. Ya ce duk mai son labarin abin da zai biyo baya ya je ya tambayi Kamila nan da wata tara. Wasu suka fashe da dariya, ni kuwa kunya ta kusa kashe ni. Amma dariya ba ta canja hukunci ba. A ranar, da la'asar, ya juye garwashi, ya kwantar da duron, ya mirgina shi ta tsakiyar kasuwa yana ƙara, bai bi ta baya ba, bai kuma bari kowa ya kama masa ba. A bakin titin Gwarzo ya kafa, inda ba inuwar kirki sai wata 'yar bishiyar mangwaro.

Watannin farko sun yi tsanani. Direbobi da baƙi ne suka riƙe shi, waɗanda ba su ji labarin ba. Mutanen gari kuwa sai su aiko a saya musu a baƙar leda, kada a gan su. Ni na san gidajen, in na ga dama sai in lissafa.

Da damina ta matso, Baba Mijinyawa ya zo har bakin titi. Tukubar tana nan ba a ba kowa ba, in ji shi, kuma ya samo mafita. Hambali ya riƙa gashinsa a gida da ƙarfensa, in ya gama ya zare, ya kawo naman kasuwa ya jera a tukubar ubansa. Ba wanda zai gani, ba wanda zai tambaya. Wallahi ni a raina na ce ya karɓa. Ina son tukubar nan, a wajenta na ci tsiren farko a rayuwata, ina kan cinyar babanmu.

Hambali ya gyara murfin duron. Sannan ya ce, “Baba, na gode. Amma abin da ya riƙe min rai ba zan shigo da shi ta bayan gida kamar kayan sata ba. In akwai wani a layin nan da ƙirjinsa ya fara, gara ya gan shi a fili.”

Washegari ya kira mai fenti. Aka yi masa allo ƙato, aka zana cinyar rago da ƙarfen tsaye a cikinta, ya ma fi cinyar girma, aka kafa a bakin titi inda duk mai shiga kasuwa sai ya gani.

Tukubar kuwa ba mai rufe ta, ba mai ƙara mata toka. Ruwan farko ya zaftare gefenta, na biyu ya baje ta. Ranar da na bi ta layin na tarar da wani ya shimfiɗa buhu yana sayar da albasa a wajen, na tsaya na yi kuka a tsakiyar kasuwa ban damu da kowa ba. Na taho bakin titi da jajayen idanu na faɗa masa. Ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza hularsa.

“Na sani,” in ji shi. “Shi ya sa na daina bi ta can. Ta bayan makaranta nake zagayowa.”

Ya ja numfashi mai tsawo, har ƙasan ciki, ya sauke shi a hankali, ba tari, ba ƙara. Ya dube ni ya ce, “Kin ji wannan, Badi'a? Babanmu bai samu ya yi irinsa ba a shekarunsa goma na ƙarshe.”