Ranar da Masunta Suka Sauya Sheƙa

A gidanmu na Kusfa, da an sauke tukunyar tuwo sai kakarmu Iya Asabe ta jawo kujerarta gaban murhu, ta zuba gyaɗa cikin toka mai zafi. Mu jikoki mu kewaye ta, 'ya'yan babanmu a dama, 'ya'yan Baffa a hagu.

Tatsuniyar yaƙin basasa muka fi so. Sarki ya rasu, 'ya'yansa biyu, wa da ƙane, suka ja daga, kogi a tsakaninsu. Garin masunta ne ke da jirage, duk wanda suka bi shi zai haye ya ci yaƙi. Iya takan kasa gyaɗar gida biyu, ta ce mayaƙa ne, na dama rundunar wa, na hagu ta ƙane. Sai ta miƙo mini ludayi a matsayin jirgi, ni auta, ta ce, "Ke ce masunta. Wa za ki ƙetarar?"

Kullum Yaya Sani nake bi, mu cinye rundunar 'ya'yan Baffa suna haɗiyar yawu. Ran nan Halima 'yar Baffa ta yi mini kitso mai kyau. Da yamma kuwa na ɗauki ludayina na koma hagu. Iya ko gezau, nan take ta juya labarin: ƙane ya hau gadon sarauta, birnin wa ya zama kufai, kasuwa ta tashi ta koma tsallaken kogi. 'Ya'yan Baffa har da rawa. Yaya Sani ya ce ya daina raka ni makaranta, na kwana ina kuka, don duk gidan ba wanda nake so kamarsa.

Washegari na ƙanƙame ludayin, na hana kowa. Iya ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

"To, yau masunta sun ɗaure jiragensu," in ji ta. "Mayaƙa sun yi ta zage-zage a bakin ruwa har yunwa ta kora su gida. Ku haɗa gyaɗar ku ci, ja'irai."

A lokacin na ɗauka wasa ne kawai. Sai bara, da rigima ta tashi za a ja katanga a raba gidan biyu tsakaninmu da 'ya'yan Baffa. Ɗakin Iya da na gada shi ne a tsakiya, ɓangaren da na bi shi zai samu tsakar gida da rijiya. Yaya Sani ya kira ni a waya.

"Auta, kina tare da mu, ko?"

Na ce, "Yaya, jiragena a ɗaure suke."

Sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa. Har yau ba a ja katangar ba. Murhun Iya na nan daidai inda katangar za ta bi, jikokinmu na gasa gyaɗa a kai.