Nauyin Yaya

Yayan mijina bai taɓa sayen abu ba sai ya ɗaga shi ya ji nauyinsa. Takalmi, dutsen guga, cajar waya, duk ɗaya ne a wurinsa. Zai ɗora abin a tafin hannu, ya ɗan jijjiga shi sama da ƙasa, ya lumshe ido kamar mai sauraron wa'azi, sannan ya yanke hukunci. In da nauyi, orijina ne. In babu, jabu ne. Iyakar iliminsa na kimiyya ke nan, kuma da shi yake mulkin dangi.

A Abuja yake aiki, yana haya a Suleja kamar mu. Har yau ban san takamaiman abin da yake yi a ofishinsu ba, amma katin aikin ba ya barin wuyansa, ko wurin suna da shi yake zuwa. Dangi na kiransa Injiniya, wai don ya taɓa canza fis ɗin firjin mahaifiyarsu ya tashi. Tun daga ranar aka haramta sayen kayan lantarki a zuriyar nan ba da saninsa ba.

Ni kuwa a lokacin muna zaune a unguwar Magajiya, kullum da safe ina bin motar haya zuwa Abuja, mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Aikina na horar da malaman makaranta ne, don haka ban da zaryar yau da kullum akan tura ni Minna ko Kaduna. Tafiye-tafiyen nan su ne abin da nake so a aikin, ta nan kuma ake samun ci gaba. Duk inda zan je, laftof ɗina na rataye a kafaɗar dama. Tsohuwa ce, na gaje ta daga ƙanina, kuma ta yi shekaru tana cin kafaɗar nan a hankali. Da ciwon ya kai ina jin sa har cikin yatsuna na je asibiti. Likita bai ɓoye mini ba. Ya ce ko in rage kaya, ko wata rana hannun ya ƙi ɗaguwa.

Maƙwabciyata wata malamar makaranta ce 'yar Filato, mai yawan dariya. Ita ta fara nuna mini irin wadda nake buƙata. Tata siririya ce kamar faranti, da yatsa biyu ta miƙo mini ita. Na ɗauka na ji kamar ban ɗauki komai ba. Ta yi mini bayanin abin da zan duba: nauyi da farko, sai daɗewar batir, sai caja wadda ba ta kai girman bulo ba. Na yi tanadi har kuɗi suka cika, ina murnata.

Sai maigidana ya kai wa Yaya labari.

Ranar Asabar muka ɗunguma mu uku zuwa wani shago kusa da kasuwa. Yaya na gaba, kati na lilo a ƙirjinsa. Mai shagon wani matashi ne mai idon 'yan kasuwa, irin waɗanda ke karanta mutum tun daga bakin ƙofa. Na faɗa masa abin da nake so, ya ɗauko wata siririya mai ruwan toka, kusan irin ta maƙwabciyata. Kafin in miƙa hannu Yaya ya karɓe. Ya ɗora a tafi, ya jijjiga, ya lumshe ido. Sai ya yi wata 'yar dariya ta raini ya ce wannan ai takarda ce, iskar fanka ma sai ta ɗauke ta.

“Kai, my friend,” in ji shi ga mai shago, “mu ba baƙi ba ne a harkar nan. Kawo mana sistem na gaske, mai jiki.”

Mai shago ya dubi Yaya, ya dube ni, ya sake duban katin wuyan nan. Ya shiga ciki ya fito da wata baƙa, ƙatuwa, mai kauri kamar akwatin lefe. Yaya ya tare ta da hannu biyu, ya jijjiga, ya lumshe ido, ya daɗe bai buɗe ba. Da ya buɗe sai ya ce yauwa, wannan ita ce 'yar Landan, ko jikokinmu sai sun gaje ta. Bai kunna ta ba. Bai tambayi batir ba. Ban tabbata ya san ta inda ake kunnawa ba.

Na yi ƙasa da murya na tuna masa maganar likita. Ya dube ni da tausayin da ake yi wa yaro.

“Ƙanwata, ciwon kafaɗa ai na kwanciya ne. Ki canza filo.”

Maigidana ya matso ya raɗa mini wai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Maganar na nan cike da bakina. Amma a gidanmu an raine mu a kan cewa mace ba ta musu da yayan miji, balle a kasuwa gaban baƙin ido. Ana jin nauyinsa. Na ji nauyin Yaya, na biya da kuɗina, na rataya zaɓinsa a kafaɗar da ke ciwo. A hanya yana ta ba maigidana labarin yadda ya ceto mu daga hannun macuta.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Batirinta ba ya kai ni daga Diko zuwa Lambata, don haka sai da na ƙara da caja da doguwar waya a jaka. Tana kunnuwa sai ta fara huci. A gefenta akwai wata 'yar ƙofa ta saka faifai wadda ba ta taɓa buɗuwa ba. Da na yi wa Yaya ƙorafi ya ce sabunta ce, kar in matsa mata. Maƙwabciyata kan leƙo da safe ta tambaye ni ko yau ma da janaretan za a tafi aiki. Ina dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

A hankali hannun ya fara yi mini gardama. Da farko rataya jaka ne ke da wuya, sai sharar tsakar gida, sai ɗaurin ɗankwali. Akwai safiyar da na tsaya gaban madubi na kasa kai hannu ƙeya, sai maƙwabciyata ce ta shigo ta ɗaura mini kamar yarinya. Ranar na yi kuka, na baƙin ciki ba na ciwo ba. A ofis kuma an lura ina yamutsa fuska in zan ɗauki kaya, ina yawan neman izinin asibiti. Ba wanda ya ce mini komai. Sai dai na ga an fara tura wata abokiyar aikina Minna.

Tafiyata ta ƙarshe, muna dawowa daga Kaduna, na sauka a Diko zan canza mota. Na ɗago jakar, hannun ya sake ta. Ta bugi kwalta. Da na ɗauka sai na ji wani abu na ƙara a ciki, ƙwal-ƙwal. Ina isa gida na zauna a tabarma na duba. 'Yar ƙofar nan ta faifai ta tsage. Na sa bakin wuƙa na ɓalle ta, na karkata laftof ɗin, sai ga abu ya zamo ya faɗo a cinyata. Guntun sifirin ɗin mota ne, mai faɗi, duk tsatsa, an naɗe shi da baƙin salatif. An cire abin saka faifan an cusa shi a gurbin. Shi ne jikin da Injiniya ya lumshe wa ido.

Ban ma ji haushin mai shago sosai ba. An je an ce masa nauyi ake so, ya sayar da nauyi. Da na nuna wa maigidana, ya juya ƙarfen, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne don Allah kar in gaya wa Yaya, zai ji kunya. Na dube shi kawai. Hannun matarsa na neman mutuwa, shi kunyar Yaya yake tausaya wa.

Daga baya na sayi siririyar, ni da maƙwabciyata muka je, ban sanar da kowa ba. Tana shiga jakar hannu, batirinta na wuni. Sai dai ta zo a makare. Tafiye-tafiyen sun zama na waccan abokiyar aikin, ba su dawo ba. Hannun kuma duk da gashi da ruwan zafi da shan magani, har yau ba ya wuce kafaɗa. Ƙarfen ban yar da shi ba, na sa shi tokare ƙofar falo.

Wata Lahadi da rana Yaya ya kawo mana ziyara. Yana shigowa ya yi tuntuɓe da shi. Ya sunkuya ya ɗauka, ya ɗora a tafi, ya jijjiga, ya lumshe ido.

“Wannan ƙarfe orijina ne,” in ji shi. “A ina kuka samo?”

Maigidana ya kafe ni da ido yana roƙo. Na laluba a raina ko akwai sauran nauyin nan da nake ji, ban tarar da ko kaɗan ba.

“Kai ka zaɓa mana shi, Yaya. A cikin 'yar Landan ɗinka yake.”

Ya ajiye shi a hankali, ya zauna, ya shiga gyara igiyar katinsa. Na je na ɗebo ruwa na miƙa masa da hannun hagu. Ya dubi kofin, ya dubi hannun, fuskarsa ta canza, don a rayuwarsa ba a taɓa yi masa haka ba.

“Yi haƙuri, Yaya,” na ce. “Na daman ba ya ɗaguwa. Na canza filon ma.”